Filin Ba Komai

Duk wanda ya ce maka ni na kusa salwantar da Gonar Liman, ka ce masa Ɗayyabu ya ce ya ji tsoron Allah. Kalma biyu kacal na faɗa, kuma gaskiya na faɗa. Wanda na faɗa wa ne ya ji wani abu daban. Amma tunda yanzu har matan unguwa sun ajiye sunan da ubana ya raɗa min suna kirana Malam Ba-Komai, gara in ba da labarin da bakina kafin 'yan teburin mai shayi su cika shi da gishiri.

Shekara talatin da ɗaya na yi ina aikin kamfani. Daga Gumel na zo da jaka ɗaya, na fara a masaƙa a Bompai har aka rufe ta muna ji muna gani, na koma Sharada inda ake yin buhu, na ƙare a kamfanin fata a Challawa. Har yau matata Rahamatu tana cewa tana jin warin a hulata. Abin da na tsira da shi ɗaki biyu ne a bayan kamfanoni, ta wajen hanyar Zawaciki. Unguwar tamu awon igiya ce, dillali ne ya zo da igiyarsa ya yayyanka, kowa ya gina iya ƙarfinsa bai bar wa maƙwabci ko wurin shanya ba. Akwai lungun da in an ɗauko gawa sai an karkata makara kafin a wuce.

Wuri ɗaya ne a unguwar duka da mutum zai tsaya ya ga sama ba ta tsakanin kwano biyu ba, shi ne Gonar Liman. Sunan gona ne kawai. Tun marigayi Liman yana da rai ya daina shuka ta, ya bar wa jama'a. Ta sama tudu ne, da ɗorawa biyu a bakin titi da darbejiya goma sha ɗaya a jere, kuma darbejiyar nan ni na dasa su da hannuna, ina ɗauko musu ruwa a jarka in na tashi aiki. Ta ƙasa kwari ne, ruwan damina ya taru ya kwana biyu ya shige ƙasa. A nan muke sallar Idi, a nan muke jana'iza. A nan wanda ya kwana a kan inji yake shimfiɗa tabarma lokacin zafi, tunda ɗakinsa ya zama tanda. 'Yan Damagaram suna da gindin ɗorawarsu, 'yan ƙwallo suna da ɓangarensu, in layya ta matso masu raguna su cika gefen titi.

Ni kuwa abin da ya ɗaure ni da wurin ya wuce wannan duka. Shekara uku ke nan hawan jini ya kayar da Rahamatu a bakin murhu, ɓarin hagu ya shanye, magana ta koma sai da ƙyar. Likita ya ce magani nasa ne, tafiya tamu ce, kullum ta taka. To ta taka a ina? A lungun da kwata ta raba biyu, babur yana bi ta kanka? Sai na riƙa kai ta gona da sassafe, in jiniyar ƙarfe shida ta busa. Ita da sandarta, ni a gefen hagu. Wata biyu muka yi kafin ta iya zuwa daga darbejiya ta farko zuwa ta biyu. Ba ta ɗaga ƙafar, jan ta take yi, tana barin layi a ƙasa. Lokacin da abin nan ya faru ta kai ta bakwai, kuma ta gaya min, a hankali yadda take magana, tana roƙon Allah ya nuna mata ranar da za ta dafa ta goma sha ɗaya.

Ana cikin haka sai labari ya zo cewa magada za su sayar. 'Ya'ya biyu Liman ya bari, Hajiya Aina'u, babba, tana zaune a Dorayi, da Alhaji Musbahu, ɗan kasuwa mai atamfa. Wani kamfani ne yake so ya zagaye wurin ya yi sito da wajen ajiye tirela. Ban zargi Alhaji Musbahu ba, gadonsa ne, kuma shekara ashirin muna morar wurin ko sannu ba mu ce masa ba. Amma ranar ban iya cin tuwo ba.

Bayan la'asar aka zauna a masallaci. Kansilanmu, Lawan, ya ce akwai hanya. Ƙaramar hukuma takan sayi fili in jama'a sun nema, ta biya masu shi diyya, kamar yadda ta yi wa wata unguwa maƙabarta. Amma sai an rubuta takarda an kai kafin a rufe kasafin baɗi. Aka rubuta, aka dangwala, mutum ɗari uku da wani abu. Da aka zo kan wa zai kai, kowa ya juyo ya kalle ni. Wai ni ne mai baki, kuma ni ne ba ni da aikin yi. Na biyun ya yi min ciwo, amma na karɓa.

Ƙarfe takwas na isa sakatariya, ban ga jami'in filaye ba sai bayan azahar. Abdulwahid sunansa, mai fara'a, waya biyu a gabansa kowace tana kuka. Ya duba takardarmu sama-sama ya ce wannan wasiƙa ce, su kuma da fom suke aiki. Ya zaro fom na Turanci ya ce zai cike min, ni dai in riƙa amsawa.

"Baba, filin na waye?"

Na faɗa masa.

"Girmansa fa?"

Na ce ya kai filin ƙwallo biyu da ɗoriya.

Waya ta yi ƙara, ya maƙale ta a kafaɗa yana magana da wani, ya ɗaga min gira ya ce, "Me kuke so a gina muku a wurin?"

Na ce, "Ba komai."

"Ba komai?"

"Ba komai, yallaɓai."

Sai ya ajiye wayar ya dube ni da kyau, har da murmushi. Ya ce, "Kai, Baba, Allah ya yi muku albarka. Da kowa irinku ne da mun huta. Wasu in sun zo, wannan ya ce asibiti, wancan ya ce makaranta, har kokawa suke yi a nan." Ya yi rubutu mai ɗan tsawo, ya juyo min da takardar ya nuna inda zan sa hannu. Na ga rubutun ya fi kalma biyu, amma na ce a raina ai Turanci ne, komai sai sun ja shi. Na sa hannu na fito ina jin daɗi an yaba mana.

Wata uku shiru. Sai ga Lawan wata ranar yana danna hon ɗin babur tun daga bakin titi, wai an amince. Majalisa ta saka Gonar Liman a kasafi, an yi magana da Alhaji Musbahu, ya ce in dai za a ba shi abin da kamfani ya taya, ya fi son jama'a su samu. Ranar shayi kofi huɗu na sha ban biya ko ɗaya ba. Limamin yanzu ya ambaci sunana a addu'a. Na je gida na gaya wa Rahamatu, ta kama hannuna da hannunta mai lafiya ta matse. Ba zan ɓoye ba, na kumbura. Har hula na sauya.

Sati biyu bayan nan muka fito da safe kamar kullum, sai muka tarar da turaku. An kafa su layi-layi, an ja igiya daga wannan zuwa wancan daidai idon sawu, gonar duk ta zama gida-gida. A bakin titi an kafa ƙaton allo da hoton shaguna masu fentin ruwan ƙwai, har da motoci a gabansu. Wani direban tirela da ya yi boko ya karanta min: shaguna ɗari da ashirin, aikin ƙaramar hukuma, bisa buƙatar al'ummar unguwa.

Ban gama fahimta ba sai na ji sandar Rahamatu ta tsaya. Igiya ta farko ta ratsa tsakanin darbejiya ta biyu da ta uku. Ta sa ƙafar dama ta haye. Ta ja ta hagu, ta hagu ta zo ta daki igiyar ta tsaya. Ta sake ja. Igiyar da ɗan akuya zai tsallake bai ma san da ita ba. Na durƙusa zan ɗaga mata ƙafar, ta girgiza kai, ta dawo da ta dama baya, ta ce, "Mu koma, Malam." Na kai ta gida, na dawo da wuƙa na tsittsinke igiyar. Washegari aka ɗaura sabuwa, aka ajiye mai gadi da kulki.

Wannan karon ban bi layi a sakatariya ba. Na ture ƙofa na ce, "Kai! Wa ya ce muku shaguna?"

Abdulwahid ya miƙe. "Baba, lafiya?" Ya lalubo fayil ya buɗe. "Ga shi, ai ku kuka ce. Na tambaye ku me za a gina, kuka ce ba komai, wato duk abin da hukuma ta ga ya dace. Na rubuta al'umma sun bar wa hukuma zaɓi. Kwamiti ya zaɓi shaguna."

"Ba komai na ce! Kada a gina komai!"

"To ai Baba ba haka kuka ce ba."

"Haka na ce!"

"Ba komai kuka ce."

"To ai shi ne!"

Mutanen da ke jira a kan benci suka fashe da dariya, wani har da buga ƙafa. Shi kuwa Abdulwahid bai yi dariya ba. Ya ɗora hannu biyu a ka ya ce innalillahi. A nan na gane ba mugu ba ne, da na so in ci mutuncinsa sai na rage. Ya ce shekara shida yana kan kujerar nan, ba wanda ya taɓa zuwa neman a sayi wuri don a bar shi haka. "Baba, a garin nan in an ce fili ai gini ake nufi. Ko a mafarki ban kawo ɗayar ma'anar ba."

Ya kai ni ofishin ma'aji. Hajiya Zaituna, mace mai tabarau, irin waɗanda in sun kalle ka sai ka tuna duk ƙaryar da ka taɓa yi. Ta saurare mu har ƙarshe ko murmushi ba ta yi ba.

Ta ce, "Malam Ɗayyabu, zauna. Kuɗin ƙaramar hukuma ba a tukunya ɗaya yake ba. Abin da ke zuwa daga sama, albashi ne yake cinye mafi yawansa. Abin da muke tarawa a nan, na kasuwa da tasha da hayar shaguna, bai taka kara ya karya ba. Kuma kowane kuɗi da gidansa, ga na lafiya, ga na ilimi, ga na hanyoyi. Filinku ya samu shiga ne don an ce shaguna, su za su mayar da abin da aka kashe. In ka cire shagunan, a wane gida zan saka shi? Ba ni da gidan ba komai."

A nan ne raina ya ɓaci na gaske. Na miƙe, na manta a ofis nake. Na ce, "Hajiya, ku da kuke zaune a ƙarƙashin fanka kun ɗauka wurin da ba bulo a kansa zaman banza yake yi? Wurin nan ya fi wasu ma'aikatanku aiki! Shi yake ɗaukar sallarmu, shi yake ɗaukar gawarmu, shi yake ba lebura barci. Matata a nan ta koyi tafiya. Ruwan da yake gangarowa daga kamfanoni uku da unguwa guda, wa yake shanye shi? Ku? Shekara ashirin ko tabarma ba ta taɓa jiƙewa a unguwarmu ba. Ga maƙwabtanmu can da aka cike musu kududdufi aka yi gidaje, duk Agusta a makaranta suke kwana, kuna kai musu katifa da taliya ana ɗaukar hoto!"

Abdulwahid yana ja min riga. Ita kuwa sai ta cire tabarau ta ce, "Maimaita na ruwan."

Na maimaita, ban rage komai ba.

Ta sa aka ɗauko wani fayil mai kauri, ta daɗe tana buɗawa tana lasar yatsa. Sannan ta ce abin da suke kashewa a waccan unguwar duk damina, tallafi da yasar kwata da hayar injin zuƙar ruwa, in an tara na 'yan shekaru ba ƙaramin abu ba ne, kuma duk shekara sai an sake. Ta ce, "Akwai gidan ambaliya da magudanan ruwa. Ba a taɓa sayen fili da shi ba, amma ban ga inda aka hana ba. In injiniya ya tabbatar da maganarka, jiha ta sa hannu, zan iya saka shi a nan. Kada ka yi murna tukuna. Ba zai ɗauki fiye da kashi ɗaya cikin uku ba. Sauran biyun ka je ka nemo."

"Ni? Ni da kuɗin sallamata ya ƙare a kwanon rufi?"

Ta mayar da tabarau. "Kai ka sa hannu."

Kafin in iso gida labari ya riga ni. Ban san wa ya kai ba, amma ina zargin mai buga ƙafar nan. Na zauna a teburin mai shayi, ya ce, "Malam, me za a haɗa maka?" Ban buɗe baki ba benci duka ya amsa, "Ba komai!" Waɗanda suka saya min shayi kofi huɗu su ne a gaba wajen dariya. Na haɗiye, ai ni na jawo.

Wannan duk mai sauƙi ne. Mai wuyar yana gida. Rahamatu ta daina fita. Na ce zan ɗaga mata ƙafar a kowace igiya, ta ce a'a, ba ta son ta ƙara sabawa da wurin da za a rufe. Ta koma zama a bakin ƙofa tana tsintar wake da hannu ɗaya. 'Yarmu Khadijat ta zo daga gidanta, ta taɓa ƙafar, ta ja ni gefe ta ce, "Baba, ta fara sandarewa fa." Kullum jiniyar shida ta busa sai in ga ta ɗaga kai, sannan ta mayar.

Na hau adaidaita sahu na tafi Dorayi. Hajiya Aina'u tana koyar da mata karatu a gidanta, na jira a zaure har suka tashi, aka yi min iso. Na durƙusa daga bakin ƙofa na gaishe ta, na kwashe labari duka na gaya mata, har da hular da na sauya. Ta yi dariya har tana share hawaye da bakin mayafi. Da ta lafa sai ta dube ni.

Ta ce, "Ka san Baba ma haka yake cewa? In an tambaye shi bana me aka shuka a gonar, sai ya ce ba komai, yana murmushi. Mu kuwa haushi yake ba mu, ga maƙwabta suna ɗaure dami." Ta gyara zama. "Ita mai ɗakin naka ta nawa ta kai?"

"Ta bakwai, Hajiya."

"Saura huɗu." Ta jinjina kai. "A rabon gado kashi ɗaya cikin uku ne nawa. Na yi waƙafi da shi, Allah ya kai ladan kabarin Baba. Sharaɗina kada a ɗora ko bulo ɗaya a kai har abada. A rubuta da Hausa da Larabci a gaban alƙali. Kuma Malam Ɗayyabu, don girman Allah, ranar ka yi shiru, ni zan faɗi sharaɗin da bakina."

Ban san hawaye ya zubo ba sai da na ji shi a gemu. Na yi ta godiya har ta gaji ta kore ni.

Saura kashi ɗaya. Na sami Alhaji Musbahu a shagonsa, ya ba ni kujera da ruwan sanyi. Ya ce, "Malam, Yaya ta yi nata don lahira, ni ma ina son lahirar. Amma 'ya'yana goma sha huɗu, biyar suna jami'a. Ba zan yi maka ƙarya ba." Na ji haushi, amma ban ga inda zan kama shi ba.

Abdulwahid ne ya fitar da mu. Tun ranar da ya ɗora hannu a ka yake bina kamar suruki, kullum sai ya bugo ya ce, "Baba, an ci gaba?" Ya shiga ɗakin tsofaffin fayil ya yi kwana uku yana atishawa, ya tono cewa ƙaramar hukuma tana da wani tsohon siton taki a bakin babban titi, iska ta yaye rufin tun da daɗewa, awaki ne suke kwana a ciki. Ga hukuma kaya ne, ga ɗan kasuwa kuwa bakin titi ya fi kwari sau nawa. Aka ce a yi musaya. Muka raka Alhaji Musbahu ya gani, ya auna da ƙafa, ya leƙa titi hagu da dama, ya ɗaure fuska ya ce to, don darajar Yaya zai haƙura. Ni dai na ga yadda yake shafa gemu, na san haƙurin bai yi masa nauyi ba.

Injiniya ya zo ana tsakiyar damina, ya tsaya da takalmin roba ya ga ruwan da idonsa. Ya shiga kamfanonin nan uku ya nuna musu inda ruwan zai bi in an cike kwarin, wato ta ƙofarsu. Ba su yi dogon musu ba, suka ce su za su yashe kwarin su yi masa shinge saboda yara.

Ina cewa an gama, sai ciyaman ya kawo tasa. Ya ce saye daban, riƙo daban. Wa zai biya mai gadi? Wa zai kwashe shara, ya hana masu zuba bola da masu cin iyaka? In an bar wuri ba mai kula, shekara biyar ka tarar wani ya kafa kwantena, wani ya zuba harsashin gini. Ya ce sai an yi shaguna goma a bakin titi, a ɓangaren da hukuma ta saya, kuɗin hayarsu da tikitin masu raguna su shiga asusu na daban, kwamitin unguwa yana sa hannu kafin a taɓa. Na yi faɗa, na yi rantsuwa, na yi fushi na fita na dawo. Ban ci ba. Shagunan nan sun ci ɗorawa ɗaya, ta 'yan Damagaram, kuma har gobe in na wuce sai na kawar da kai. Amma mai gadin yana nan, kuma ana biyansa, wannan ba zan hana su ba.

Ranar zaman majalisa aka ce sai an cike sabon fom a gaban kowa. Unguwarmu ta cika zauren har waje. Abdulwahid ya kashe wayoyinsa biyu, ya ɗaga su sama kowa ya gani, ya ajiye. Ya ɗauki biro ya ce, "Baba, me kuke so a gina muku a wurin?"

Na ji wani a baya yana cewa, "Allah ka kama bakinsa."

Na miƙe na gyara riga. Na ce, "Kada a gina komai. Ba shago, ba ofis, ba ɗakin taro. Masallaci ma muna da shi. A bar ƙasa a ƙasa, a bar ruwa ya shiga inda ya saba."

Ya rubuta da Hausa, ya karanta da ƙarfi sau uku, kowane sai na ce haka ne. A ranar na fara ganin haƙoran Hajiya Zaituna. Ta ce daga bana an buɗe sabon gida a kasafi, na kula da wuraren da aka bari ba gini, kuma tuni unguwa biyu sun aiko suna tambayar yadda muka yi. Ta ce in sun zo za ta turo su wajena. Na ce su zo, amma su taho da mai karanta Turanci.

Washegari aka kwance igiya, aka tuge turaku, aka sauke allon shaguna. Wata biyar ke nan cif. Sabon allon da aka kafa sunan marigayi Liman ne a kai, da kyau da tsari, amma ba mai kiransa da shi. Ka hau adaidaita daga Zawaciki za ka ji direba yana cewa, "Ba Komai, akwai mai sauka?"

Na shiga gida na ce wa Rahamatu an cire. Sandarta kawai ta miƙa hannu ta ɗauka. Da jiniyar shida muka fita. Ranar da ƙyar ta kai ta biyu, gumi ya jiƙa mata ɗankwali. Wata biyar ɗin nan sun cinye abin da muka yi shekara biyu muna tarawa. Na ji kamar in kwanta a wurin in yi ta birgima. Ita kuwa ta huta, ta juya, washegari ta riga ni tashi.

Muka sake daga farko. Ta uku, ta huɗu. Damina ta wuce, aka yi sanyi, aka shiga zafi. Masu dawowa daga aikin kwana suka san mu, in mun zo wucewa su janye tabarma su ce, "Mama, yau ta nawa?" Ta ɗaga musu yatsu. Ta bakwai ta wuce ta ba ta ko kalle ta ba. A ta tara muka yi sati shida, har na fara cewa a raina ko nan ne iyakar.

Ran wata Laraba, ana saura kwana tara layya, raguna sun cika bakin titi suna kuka, ta wuce ta goma ba ta tsaya ba. Ban ce komai ba, tsoro nake ji kada in yi magana in ɓata. Taku ashirin da uku ne tsakaninsu, na san su tun ranar da na dasa. Ta ja, ta ja, sandar tana rawa. Sai ta miƙa hannu, ba mai lafiyar ba, na hagun, ta ɗaga shi da ƙyar ta ɗora a jikin ta goma sha ɗaya.

Muka tsaya tana mayar da numfashi. Na waiwaya na ga layin da ƙafarta ta ja, tun daga ta farko, bai katse ko'ina ba. Na ce, "Rahamatu, ki yafe min. Bakina ne ya cinye miki wata biyar."

Ta daɗe tana kallon filin, tun daga tudu har kwari. Sannan ta ce, a hankali, "Ba komai, Malam."

Ni kuwa an taɓa yi min sau ɗaya, ba za a sake ba. Na ce, "Wanne daga ciki?"

Sai ta yi dariya, irin wadda rabona da ji tun kafin ta faɗi a bakin murhu. Ta ce, "Duka biyun."

Ta juya sandarta muka kama hanyar gida, ni a gefen hagu.